Jan Zaren Ɗakin Kati

Ni ne na yi laifi, ba Mama ba. Na daɗe ina faɗa wa kaina wannan magana kafin bakina ya yarda ya faɗa wa wani, kuma duk tsawon lokacin da nake jan ƙafa, matar da ta isa ta haife ni tana bayan asibiti tana wanke zanen gado a kan abin da ni na aikata.

Asibitin ƙarami ne, na ikilisiyarmu, a gefen hanyar da ta tashi daga Kafanchan zuwa Gidan Waya. Mai kula da shi ba cikakken likita ba ne, amma mutanen ƙauye likita suke ce masa, mu ma'aikata kuma muna ce masa Oga. Akwai nas biyu, da mai ba da magani, da wata mata mai shara, sai mu biyu a ɗakin kati, ni da Mama. Kowa Mama yake ce mata, har Oga, har tsofaffin da suka girme ta. Tun kafin in shiga firamare take cikin ɗakin nan.

Ni sakandare na gama, na ƙara da gajeren kwas a kan ajiye bayanan marasa lafiya. Ranar da na samu aikin mahaifiyata ta kai godiya coci, ta taka rawa har gaban jama'a. Ban yi wata uku ba na gane ni da ɗakin nan ba za mu shirya ba. Taga ɗaya ce, ita ce kuma inda mutane ke tsayawa. Da rana kwano ya ɗauki zafi, warin tsohuwar takarda ya cika hanci. Aikin ɗaya ne daga safe har yamma: ka ciro kati, ka rubuta kwanan wata, ka miƙa, in ya dawo ka mayar. Ina zaune ƙafata tana kaɗawa. In tashi in leƙa waje, in dawo, in gyara zaman biro a kan tebur, in sake tashi.

"Kujerar nan ƙusa ce a cikinta?" Mama takan tambaye ni ba tare da ta ɗago kai ba. "In akwai ka faɗa, a kira kafinta."

Dole in bayyana yadda Mama take ajiye kati, don a nan duk maganar take. Wanda ya zo asibitin karo na farko ana buɗe masa kati biyu. Babban yana zama wurinmu, a ciki ake rubuta ciwonsa da maganin da aka ba shi. Ƙaramin mai lamba a ba shi ya tafi da shi gida. A kwas an koya mana cewa da lambar nan ake jera manyan katuna. Amma ƙaramin kati ba ya daɗewa a hannun mutanenmu. A wanke shi a aljihun wando, gara ta cinye shi a akwati, ko ya tafi gidan miji a cikin Littafi Mai Tsarki na 'yar da aka aurar. Suna ma ba abin dogara ba ne. Mutum ɗaya yana da sunan gida, da sunan baftisma, da wanda 'yan kasuwar citta suka laƙaba masa, kuma wanda ya fara zuwa bakinsa ran nan shi zai ba ka.

Saboda haka Mama ba ta bin lamba. Kowane ƙauye da kwalinsa, a cikin kwalin kuma gida-gida. In ka tsaya a taga ba kati, sai ta ce, "Kai ɗan wane gida ne? Na bayan coci, ko na bakin rafi?" Kafin ka gama ba da labarin yadda katinka ya ɓace, ta ajiye babban a gabanka. Ba ta rasa biki, ba ta rasa jana'iza, kuma ran Litinin sai ka gan ta tana ɗauke katin amarya daga kwalin ƙauyen ubanta zuwa na mijinta. Akwai kuma waɗansu katuna da ta huda a kusurwa ta ɗaura musu jan zare, irin zaren ulu da take saƙa wa jarirai hula da shi. A satina na farko ta gaya mini ma'anar zaren. Na tuna tana magana, na tuna na ce "to, Mama", amma kunnena yana waje inda waɗansu mata suke musu a kan layi.

Abin da Allah ya ba ni baki ne. Babana da yarensa, mamata da nata, kuma na yi shekara huɗu wurin kakata a wajen Kachia na ɗauko na uku. Wata Talata, ranar awo, wata tsohuwa ta kawo jikarta mai ciki, tana ta bayani da hannu, nas ba ta gane komai. Na ji yaren ta taga, na fita na tsaya tsakaninsu. Cikin minti biyar aka gama abin da aka yi rabin awa ana fama da shi. Tsohuwar ta riƙe hannuna tana sa mini albarka. Daga nan nas ta fara kira na. Ranar rigakafi kuma ta ce in taimaka mata da jawabin da ake yi wa mata a gindin mangwaro kafin a fara allura. Ita takan karanta daga takarda, mata suna gyangyaɗi. Ni na ajiye takardar, na kwaikwayi yadda maigida yake yi in an ce ya kawo yaro asibiti ranar da zai je gona. Mata suka yi dariya har da hawaye, kuma sati na gaba suka dawo da maƙwabtansu. Ran nan na koma gida ban gaji ba. Ban taɓa jin haka a ɗakin kati ba.

Mama ba ta hana ni ba. "Je ka," takan ce, "bakin nan naka in bai yi aiki ba zai yi tsami." Abu ɗaya ta roƙa, in zauna da ita da safe har layi ya ragu, don gwiwoyinta ba sa barin ta hau benci ta sauko da kwalayen sama. Amma da safe ne ake jawabi, da safe ne tsofaffi ke zuwa. Ina miƙa mata kwali ina jin dariyar da ba ni na jawo ta ba, raina yana ɓaci kamar an ƙwace mini abu.

Sai na yi tunani. In da katunan nan suna jere bisa lamba, kowa zai iya ciro su, har mai shara. Ba sai na zauna ba. Na riƙa juya maganar a kaina har ta zama kamar taimako zan yi wa asibiti. Ban kai ta gaban Mama ba, don na san abin da za ta ce, kuma na san tana da gaskiya.

Yayanta ya rasu a ƙauyensu ta wajen Kagarko, ta ɗauki hutun kwana goma. Washegarin tafiyarta na shiga ofishin Oga. Bai daɗe da dawowa daga wani taro a Kaduna ba, inda aka yi musu magana a kan tsari, don haka maganata ta faɗa masa daidai.

"Mama ta san da wannan?"

"Ta yarda, Oga. Ta ce in yi kafin ta dawo."

"Waɗanda suka ɓatar da ƙaramin kati fa?"

"Zan buɗe babban littafi, in rubuta kowane suna bisa harafi da lambarsa a gefe."

Ya ba ni littafin da hannunsa, sabo, mai baƙin bango.

Kwana biyar na yi ina juye kwalaye a ƙasa. Ban taɓa yin aiki da ƙarfi haka a ɗakin nan ba, don aikin fita daga cikinsa nake yi. Jan zaren ya dame ni, yana sarƙewa, yana jan katin da ke kusa da shi. Na ɗauki reza na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na gama ya cika tafin hannuna, na kai shi ramin da muke ƙona shara. Littafin kuwa na fara shi da zafi. Na gama A, na gama B da C, na shiga D, sai na ji an kira ni in yi wa wani dattijo tafinta. Na rufe shi na ce gobe.

Mama ta dawo da baƙin ɗankwali a kanta. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hannu tana duban kantar katuna, inda suka jeru tsaf, kowane ɗari da alamarsa. Oga ya zo ta bayanta yana murmushi.

"Mama, sannu da hanya, ya ƙarin haƙuri? Kin ga aikin da kika ce a yi. Yaron nan naki ya yi ƙoƙari."

Ta juyo ta dube ni. Ba ta daɗe tana dubana ba.

"Na gani, Oga," ta ce.

Da ya tafi ta ajiye jaka, ta zaro kati ɗaya, ta mayar, ta zaro wani.

"Ina zaren?"

"Wane zare, Mama?"

"Jan."

"Yana sarƙe katunan ne, sai na cire."

"Duka?"

"Duka."

Ta jawo kujera ta zauna. Sannan ta sake gaya mini abin da ta gaya mini a satina na farko. Duk katin da ke da jan zare, mai shi akwai maganin da jikinsa ba ya so, wanda in an ba shi zai iya kashe shi. An rubuta a ciki, amma nas mai layi a gabanta ba kullum take buɗe shafukan baya ba. Zaren kuwa ko daga nesa ana ganinsa, kuma da shi Mama kanta take tuna ko wane ne a kowane gida.

Na ce mata sori, irin sorin da ake ce wa wanda aka taka wa ƙafa a kasuwa. Ta buɗe jakarta ta fito da ƙullin ulu, ta ce za ta riƙa mayarwa duk katin da ya biyo ta hannunta. Ni kuma na ji nas tana kira na, na fita.

Watannin da suka biyo baya sun yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Oga ya bar ni ina bin nas a kan mashin zuwa ƙauyuka ranar rigakafi. Mata suka sa mini suna Malam Tafinta. A kasuwa a tsayar da ni a ce in sake yin kwaikwayon maigida. Amma ko a lokacin hankalina bai kwanta ba. In ina gindin mangwaro sai in riƙa satar kallon tagar ɗakin kati, in ga layi ya kai har bakin rijiya, in ɗaga murya in ƙara wani abin dariya. Wanda ya zo da ƙaramin katinsa ba matsala. Wanda bai zo da shi ba, kuma su ne suka fi yawa, sai Mama ta riƙa bin kantar katunan da yatsa tana zato. Mai shara da na ce za ta taimaka tana da nata aikin. Na fara jin mutane a layi suna cewa Mama ta tsufa, idonta ya tafi. Na ji da kunnena, na wuce. Littafin yana cikin aljihun tebur, kullum ina ce masa gobe.

Wata Alhamis da damina, ranar rigakafi, aka kawo wani dattijo a kan mashin. Fartanya ta sare shi a ƙafa, ya ɗaure da ganye, ciwon ya ruɓe har ya sa masa zazzaɓi. Matar ɗansa ce ta rako shi, amarya ce, ba ta san komai na gidan ba tukuna. Ba su zo da ƙaramin kati ba. Mama ta san ƙauyensu, ta san gidan, ta san ya taɓa zuwa shekarun baya, amma sanin nan ba shi da amfani a gaban katunan da aka jera bisa lamba. Ta aiko mai shara ta kira ni.

"Ki ce mata ina zuwa."

Ina tsakiyar wurin da mata suka fi so. Mai shara ta sake dawowa.

"Mama ta ce ka zo yanzu, wai akwai Baba da ba a ga katinsa ba, kuma ba ya jin Hausa sosai."

"Na ce ina zuwa. Mutum ɗaya ne ni."

Jikin dattijon yana rawa, nas ta biyu tana jira. Mama ta buɗe masa sabon kati, fari, ba komai a ciki. Nas ta tambaye shi da Hausa ko akwai maganin da ba ya karɓarsa. Hausarsa ta gaisuwa ce da ciniki. Ya ce babu, wataƙila yana zaton ko ya sha wani magani a gida ake tambaya. Yaren kakata yake yi, kuma ni kaɗai ke jin sa a duk asibitin. Aka yi masa allura.

Ina amsa tambayar wata mata na ga Oga ya fito daga ofis da gudu. Ban taɓa ganinsa yana gudu ba. Da na isa, fuskar dattijon ta kumbura har idanunsa sun rufe, numfashinsa yana fita da ƙara. Oga ya yi masa wata allurar, aka sa shi a motar fasto aka wuce da shi babban asibiti a Kafanchan. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Da yammar ran nan, bayan Mama ta tafi gida, na zauna a ƙasa na bi katunan ɗaya bayan ɗaya. Na sami katin dattijon da sunan baftismarsa, sunan da ya fara da harafin da littafina bai kai ba. A kusurwarsa akwai ƙaramin huji, da ɗan gashin ulu ja maƙale a bakinsa. A shafi na biyu, da rubutun Mama, an rubuta sunan allurar da aka yi masa, an ja layi biyu a ƙarƙashi. Na mayar da katin inda yake, na kulle ɗakin.

Washegari bayan addu'ar safe Oga ya ce kowa ya zauna. Ya tambayi Mama me ya sa ba a ga katin ba.

"Na nema, Oga, ban gani ba."

"Kin duba littafin sunaye?"

Ya juyo wurina.

"Littafin ya cika, ko?"

Kowa yana kallona. Na ji bakina ya ce, "Eh, Oga."

Bai ce in kawo ya gani ba. Da ya ce, da an gama maganar a ranar. Mama ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta. Ta san abin da ke cikin littafin, a aljihun teburinmu yake. Kalma ɗaya za ta faɗa. Ba ta faɗa ba.

Sati ɗaya bayan haka aka ba ta takardar gargaɗi, aka aika kwafi hedkwatar ikilisiya don a sa a fayil ɗinta. Saura shekara ɗaya da 'yan watanni ta yi ritaya. Oga ya ce don a rage mata wahalar ido za ta koma kula da wanki da zannuwan gado. Ɗakin kati kuma aka damƙa mini shi, ni kaɗai, tunda ni na san sabon tsari.

Haka na samu kaina a kulle a ɗakin da na yi ƙarya don in guje masa. Babu gindin mangwaro, babu mashin. Nas ta koma karanta takardarta. Mutane su tsaya a taga su leƙa bayana su ce, "Ina Mama?" Na ɗauko littafin na ci gaba da cika shi a ɓoye, amma bai cece ni ba, don mutum zai ba ni sunan gida alhali katinsa da sunan baftisma yake. Ƙafata ta koma kaɗawa, abinci ya daina yi mini daɗi. A coci in fasto ya ce a yi shiru kowa ya furta zunubinsa, sai in furta wani ƙarami da na ajiye don irin wannan lokaci.

A ƙarshe na fara zagayawa bayan asibiti. Mama tana tsakanin igiyoyin shanya, hannayenta sun yi fari da omo.

"Mama, sannu da aiki. Akwai wata mata daga ƙauyen bayan dutse, ta ce mijinta makaniken mashin ne..."

"Mai tabo a goshi? Ka nema da sunan baftismarta, ba da wanda ta ba ka ba." Sai ta faɗi sunan, tana matse zane, ba ta ko dube ni ba.

Wani lokaci sau huɗu a rana nake zuwa. Ba ta taɓa cewa ba ta sani ba, ba ta taɓa cewa ai na gaya maka. Sau ɗaya kawai ta ce, "Kafintan bai zo ba har yanzu?" Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Na ji a wurin mai shara cewa matan zumunta na coci sun fara shawarar yadda za a yi mata bikin sallama, kuma Mama ta ce kada a yi, ba ta son a tsaya a gaban coci ana yabon mutumin da aka kora daga ɗakinsa.

Bayan an gama girbin acca dattijon ya dawo, yana ɗingishi kaɗan, da ƙullin acca a leda. Ya tsaya a tagata ya yi mini magana da yaren kakata. Ya ce a kai shi wurin matar da aka hukunta saboda shi. Na kulle taga na kai shi bayan asibiti. Mama ta goge hannu ta gaishe shi, ta jawo masa benci. Ita ba ta jin yarensa, don haka na tsaya tsakaninsu.

Ya yi magana a hankali, yana tsayawa don in juya. Ya ce ya ji labari a ƙauye an raba ta da aikinta. Ya ce shi bai riƙe ta a zuciya ba. Ya ce tsufa ba laifi ba ne, shi ma ran nan ya shuka masara a kunyar da ya riga ya shuka. Ya ce ya yafe mata a gaban Allah, ta karɓi accar nan ta dama kunu.

Ni na faɗi duk wannan da Hausa, da bakina, ina kallon ƙasa. "Ya ce ya yafe miki." Na sake faɗa don ban tabbata ta ji ba.

Mama ta karɓi ledar da hannu biyu, ta ɗan rusuna.

"Ka ce masa na gode. Ka ce masa Ubangiji ya ƙara masa lafiya."

Na juya masa. Na raka shi har bakin hanya ya hau mashin. Ban koma taga ba. Na buɗe aljihun tebur na ɗauki littafin, na zaro katin mai huji, na shiga ofishin Oga ban ƙwanƙwasa ba, don na san in na tsaya ƙwanƙwasawa zan juya.

Na gaya masa duka. Cewa Mama ba ta taɓa yarda ba. Cewa littafin a D ya tsaya ranar da ya tambaye ni, ga inda launin biro ya canja. Cewa sau biyu ta aika a kira ni. Na nuna masa hujin. Ya daɗe yana juya katin a hannunsa.

"Duk wannan don ka je ka ba mata dariya a gindin mangwaro?"

"Eh, Oga."

"Kai wawa ne. Da ka zo ka ce mini tafinta kake so ka yi, da na ba ka safiya biyu a sati, in nemo wa Mama mai hawa benci. Ai muna bukatar tafinta. Wa ya ce maka sai ka rushe ɗaki kafin a bar ka ka fita?"

Sannan ya ce shi ma da nasa laifin, tunda bai buɗe littafin ba. A gabana ya rubuta wa hedkwata cewa a janye takardar Mama daga fayil ɗinta, ya rubuta wata takardar gargaɗi da sunana, ya sa ni na sa hannu. Ya ce ran Litinin bayan addu'ar safe zan maimaita maganar a gaban kowa, a inda na yi ƙaryar. Ɗakin kati kuma na Mama ne in ta yarda ta koma.

"Kai za ka je ka gaya mata. Ni ba zan ɗaukar maka wannan ba."

Ran Asabar da hantsi na je gidanta. Lokacin haƙar citta ne. Na same ta a gindin bishiya a tsakar gida, da tarin ɗanyar citta a gabanta, tana tsaga ta da wuƙa tana jefawa a tabarma don shanya. Ƙamshin ya cika gidan. Ta nuna mini kujera, na ce a tsaye ma ya isa.

"Har a gidana kujera tana da ƙusa?"

Na zauna a bakin kujerar. Na fara da saƙon Oga, don shi ya fi sauƙi. Na ce an rubuta a janye takardar. Na ce Oga yana roƙo ta koma ɗakinta ran Litinin. Ba ta daina tsaga citta ba.

"Zan koma," ta ce. "Saboda mutanen nan da ke tsayuwa a rana. Amma kwalayena za su koma yadda suke, ƙauye-ƙauye, gida-gida, kuma wanda ya juye su shi zai mayar. Lambarku ku rubuta ta a littafinku, ba ta dame ni ba. Zare kuma ina da shi."

"To, Mama."

Ta ajiye wuƙar a kan cinyarta, ta dube ni sosai, irin duban da ba ta yi mini ba tun ranar da ta dawo daga jana'iza.

"Saƙon Oga na ji. Ran nan ma na ji saƙon Baba. Kai fa? Kana da naka, ko yau ma tafinta ka zo yi?"

Na sauka daga kujerar na durƙusa a ƙasa, gwiwata a kan ɓawon citta.

"Mama, nawa ne na kawo. Na yi ƙarya da sunanki, na ce kin yarda alhali ban tambaye ki ba. Na yanke zarenki don ban saurare ki ba ranar da kika gaya mini amfaninsa. Kin kira ni sau biyu na ƙi zuwa. Da aka tambaye ni na sake yin ƙarya, na bar ki kika ɗauki laifina, kuma kullum ina zuwa wurin wanki ina cin amfanin saninki ba kunya. Yafewar da Baba ya yi miki ba ki da abin da za a yafe miki, ni ne ya kamata in roƙe ta. Ba ni da hujja ko ɗaya. Na yi miki laifi, Mama. Don Allah ki yafe mini."